Azumin Dokta a Hanyar Maga

Tun ranar da na dawo daga Maga ban yanka wa mutum nama ba tare da ya haɗa mini da tambaya ba. Wannan ya ce, "Alhaji Ilu, wai da gaske ka yi azumin Yahudawa?" Wancan ya ce shi an faɗa masa har ƙaho na busa. Na gaji da gutsura labari tsakanin sara da awo, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ban yi azumin kowa ba, ban kuma busa ƙaho ba. Ga dai yadda aka yi.

Duk mahaucin Garwa ya san Dokta Daniyel, likitan dabbobin da ya yi shekaru yana duba mana nama a mayanka kafin ya yi ritaya. Mutumin kudu ne, daga wajen Yawunde. Mun daɗe muna masa kallon Kirista, sai daga baya muka gane shi da mutanen ƙauyensu addinin Yahudawa suke bi. Ba ya aiki ran Asabar. Naman da yake buga wa hatimi da hannunsa bai taɓa sa shi a baki ba, domin suna da nasu tsarin yanka. Ko kifi ma sai mai ɓawo: ya ci karfasa, ya bar tarwaɗa. Na sha tsokanarsa cewa Allah ya haɗa shi da mahauta ya hana shi rabo.

Baba Sale kuwa matasa ba su san shi ba, amma manya sun sani, kuma sukan rage murya in an ambace shi. Maigidana ne, shi ya koya mini riƙon wuƙa. Shekara goma sha tara ke nan, wata safiya labari ya bazu cewa wata saniya ta mutu a mota kafin a iso mayanka, an feɗe ta a ɓoye, namanta ya shigo kasuwa. Dokta, lokacin jininsa na tafasa, ya shigo a fusace. Wani ya nuna masa teburin Baba Sale. Bai tsaya bincike ba, ya kwarara wa naman kananzir a gaban jama'a, ya ce mushe ne. Ku mahauta kun san abin da wannan kalma take yi wa mutum. Ba a cika wata uku ba Baba Sale ya kwashe iyalinsa ya koma Maga yana bandar kifi. Teburinsa ya dawo hannuna, shi ne wanda kuke samuna a kai har yau. A ranar ban ce komai ba, bayanta ma ban ce komai ba.

To, a ƙarshen daminar nan Dokta ya zo gidana bayan la'asar, ya ƙi zama a kujera, ya zauna a tabarma. Ya ce mini tun makon da abin ya faru ya gano saniyar ba ta Baba Sale ba ce, ta wani ce dabam wanda yanzu ya riga mu gidan gaskiya. Amma ya riga ya rubuta rahoto, ya ji tsoron aikinsa, ya yi gum. Ya ce suna da wata rana a shekara, Yom Kipur, ranar goma ga watansu, ranar azumi da tuba da babu wadda ta kai ta girma a wurinsu. A ranar Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma abin da ke tsakanin bawa da bawa sai wanda aka cuta ya yafe da bakinsa. Na ce ai mu ma haka yake a wurinmu. Ya ce ya sani, sai dai su an yanka musu rana, kuma an ce mutum ya nemi gafarar har sau uku. Ya kira Baba Sale a waya bara, tsohon yana jin muryarsa ya kashe. Ya aika masa da turmin yadi ta hannun wani mai kifi, aka dawo masa da shi ko ninkin ba a warware ba. Saura ɗaya, ga shi an ce tsohon ba ya jin daɗin jikinsa.

Kowace shekara yakan hau jirgin ƙasa ya je ya yi ranar cikin mutanensa. Bana ya fasa. So yake in raka shi Maga, domin in ya je shi kaɗai ko zaure ba zai wuce ba, kuma lalle mu isa kafin azumin ya shiga. Na bugi ƙirji na ce ya bar komai a hannuna. Mutumin da ya saba koro shanu daga Adumri cikin laka, kai tsoho ɗaya Maga ba zai gagare shi ba. Gaskiya akwai abin da ya ɗan soke ni a rai da na ji sunan maigidana, amma na danne shi, na shiga lissafin mota.

Muka tashi da motar safe, kwana biyu kafin ranar. An ba mu kujerar baya, ni da Dokta da wata Bafulatana mai ƙwaryar man shanu wadda ta ɗora rabin kayanta a cinyata ba tare da ta tambaye ni ba. Muka wuce Pitowa, muka tsaya Figil aka sha shayi. Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma shingen da ke hanyar nan sun isa a ce mutum ya ƙetare uku. A kowanne sai a sauko, a nuna katin shaida, a koma. A wani shinge bayan Figil wani jandarma, irin 'yan sandan hanya, ya buɗe jakar Dokta ya ciro ƙahon rago murɗaɗɗe, an goge shi sumul. Ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya tambaya ko magani ne. Dokta ya yi masa bayani da Faransanci cewa busa shi ake yi in azuminsu ya ƙare. Jandarman ya ce to a busa ya ji. Dokta ya kumbura kumatu ya busa, awakin da ke kwance a gindin shingen suka watse, Bafulatanar ta dafe ƙwaryarta tana salati. Jandarman ya yi dariya har da riƙe ciki, ya mayar masa da ƙahon da hannu biyu. To kun ji asalin zancen ƙaho, kuma kun ji wanda ya busa.

A Marwa muka sauka gidan Alhaji Hamadu, mahauci ne abokin cinikina. Kafin in buɗe baki ya sa an kayar da ɗan akuya. Aka kawo gashi, aka kawo farfesu, aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da nama ya yi mata yawa. Dokta ya yi godiya, ya ciro burodi da dafaffen ƙwai da gyaɗa daga jakarsa. Fuskar Alhaji Hamadu ta canza, domin a ganinsa baƙo ya raina masa tukunya. Sai da na ja shi gefe na ce wannan bawan Allah shekara talatin yana cikin nama bai ɗanɗana ba, ba a gidanka ya fara ba. Ya dubi Dokta ya ce da Fulatanci lalle akwai masu haƙuri a duniya. Rabon Dokta dai bai yi asara ba, ni na ji da shi.

Washegari ita ce jajibirin ranar, kuma a nan na tafka kuskurena. Dokta ya so mu bi motar farko. Na ce masa Maga awa biyu ce, kada ya damu. Awa biyu ce da rani. Na san da damina hanyar Bogo takan ci yini, amma na yi lissafi irin namu: ko da isha muka isa, a gana da tsoho, a kwana, a yi sahur, azumi ya kama da asuba. Ban tambaye shi ba, domin a kaina azumi duk duniya daga alfijir yake farawa. Saboda haka na bar shi a tasha na shiga kasuwar dukawa. Tun da babbar ranarsa ce, na ce bari in yi masa abin da muke yi wa juna da salla. Na zaɓo masa takalmin fata ja, ɗinkin Marwa, na tsaya ciniki yadda ya kamata, na biya na gai da mahauta biyu uku. Ko da na dawo motar farko ta tafi, ta biyu ma ta tafi. Ta uku ba ta cika ba sai bayan azahar.

Motar nan ta girme direbanta. Har Bogo dai ta yi ƙoƙari. Muna wuce Bogo ta shiga wani kwari ta zauna. Maza muka sauko muka tura, ta fito, ta yi tafiya kaɗan, ta sake zama. A turi na uku takalmina ɗaya ya tsaya a laka sai da na sa hannu har gwiwar hannu na lalubo shi. Ni dariya ma nake yi, ina ba fasinjoji labarin shanun Adumri. Sai na lura Dokta ba ya dariya, rana kawai yake kallo. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai muna da dare guda a gabanmu.

"Wane dare, Alhaji?" in ji shi. "Azuminmu da faɗuwar rana yake shiga. Kuma in ya shiga ba na hawa mota, ba na hawa babur, sai gobe in taurari sun fito. Inda rana ta faɗi mini, nan zan tsaya."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Na ce ko da ƙafa? Ya ce ko da ƙafa ba a yin nisa da gari. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Muka shigo Girbidik rana tana kan itatuwa. Direba ya rantse Maga ta kusa, amma Dokta ya ɗauki jakarsa ya sauka, na bi shi da takalmi ɗaya mai laka. Wani mai sayar da hatsi a bakin tasha, Malam Bukar, ya ji bayanina bai gane rabinsa ba, ya ce dai baƙo baƙo ne, ya buɗe mana zaurensa. Dokta ya yi wanka a gurguje, ya ci burodi da kifin gwangwani, ya sha ruwa kamar raƙumi zai shiga daji. Ya sa farar riga da farin wando da 'yar hula, ya yafa mayafin addu'a, ya kashe wayarsa ya miƙo mini, ya kunna kyandir ɗaya a kusurwa. Ganin ya yi fes, na ce ga dama ta wanke laifina, na ciro jan takalmin Marwa na ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya shinshina fatar, ya yaba ɗinkin, sa'an nan ya ce a duk kwanakin shekara wannan ce ranar da aka hana su sa takalmin fata. Ya zura silifan roba irin na shiga wanka. Ƙarshen jan takalmin da ya sa muka rasa mota biyu ke nan.

Muka yi magariba a masallacin unguwa, shi kuma ya fuskanci wajen Ƙudus, ɗan hagu kaɗan da alƙiblarmu, ya buɗe littafinsa. Da asuba matar Malam Bukar ta aiko da kunun gyaɗa mai zafi, wai a ba baƙo mai azumi ya yi sahur. Na ji daɗi ba ni kaɗai ba ne mai irin wannan kai. Na yi wa maigidan bayani cewa nasu babu sahur, babu ruwa, babu wanka, babu shafa mai, daga faɗuwar rana zuwa bayan wata faɗuwar. Malam Bukar ya lissafa da yatsu, ya ce wannan ai ya zarce kwana da yini, Allah ya sa mu dai a bar mu da namu. Kunun kuwa ba a mayar da shi cikin gida ba.

Da hantsi na leƙa Dokta. Yana tsaye yana karatu a hankali, yana ɗan rusunawa, kowane layi sai ya dunƙule hannu ya bugi ƙirjinsa. Na tambaye shi daga baya, ya ce jerin laifuffuka ne ake faɗa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda mutum ya yi da harshensa da wanda ya yi da shirunsa. Da ya tsagaita ya ce mini ya so ya shiga ranar nan da yafiyar Baba Sale a hannunsa, amma Allah bai nufa ba. A wurinsu da faɗuwar rana ake rufe ƙofa a kan hukuncin shekara. Bai roƙe ni komai ba, ya ce ma ba ya halatta ya aike ni. Na ce ai ni ba aike na za a yi ba, ƙafata ce, kuma ni ba a hana ni babur ba.

Ɗan acaba ya bi da ni ta gefen gonakin shinkafa har Maga. Tun kafin ka ga tafkin garin, hayaƙin banda yake tarbarka. Na yi tambaya sau biyu aka nuna mini gidan Sale Bahaushe. Na same shi a rumfa kusa da tandunan banda, ya rame, ƙafarsa ɗaya ta kumbura an ɗora ta a kan turmi. 'Yarsa Hajara, wadda na sani tana tatata, ita ce yanzu take juya kifi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya gane muryata kafin ya gane fuskata, ya ce, "Ilu ne? An ce ka yi Makka." Ya tambayi tebur, ya tambayi wuƙarsa mai ƙotar ƙaho ko tana nan. Na ce tana nan, da ita nake aiki.

Na kawo zancen Dokta da duk iya bakin da kuka san ni da shi, na ce yana Girbidik azumi ya tsayar da shi, na roƙi tsohon ya zo. Na jawo tsufa, na jawo lahira, na jawo darajar mai yafiya. Ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce wato wanda ya ɓata shi yana zaune a inuwa, shi mai ciwon ƙafa shi zai bi shi. Na ce laifina ne, na ba shi labarin takalmi. Hajara ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya tambaya ko da gaske mutumin bai sha ruwa ba tun jiya cikin wannan zafi, na ce ko kurkure baki bai yi ba. Can ya ce, in ya je, a kunne za a raɗa masa ko kuwa? Na ce a'a, Dokta ya ce a ƙa'idarsu a gaban mutum uku ake yi.

"A gaban mutane zai ce ba mushe ba ne?"

Na ce a gaban mutane.

Ya dubi Hajara ya ce ta ɗauko masa babbar rigarsa. Ta ce, "Baba, ƙafarka fa?" Ya ce ƙafar ta jira.

Samun abin da zai ɗauke shi ya ci lokaci. A ƙarshe wani mai babur mai ƙafa uku da ke dakon kifi ya yarda, muka shimfiɗa tabarma a bayan, muka kwantar da ƙafar a kan buhu. Hajara ta ƙulla bandar karfasa a leda ta ce ko mutum maƙiyinka ne, in ya kai azumi sai ya ci abinci. Muka iso Girbidik bayan la'asar, ni da maigidana muna warin kifi kamar mu aka banda.

Dokta yana zaune a ƙasa, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, yana karanta labarin Annabi Yunusa, wanda ya ce a irin wannan lokaci suke karanta shi. Da ya ga wanda muke saukowa da shi sai littafin ya kusa faɗuwa daga hannunsa. Malam Bukar ya kira maƙwabtansa biyu, wani tela da wani mai gyaran keke, suka zauna a bakin zaure ba su san ko shari'a za a yi ko ɗaurin aure ba. Dokta ya miƙe yana dafa bango, ya tsaya a gaban Baba Sale, ya yi magana da Hausarsa ta mayanka, wadda ba ta da ado.

"Malam Sale, naman da na zuba wa kananzir halal ne. Saniyarka lafiyayya ce. Na san haka tun makon, na yi shiru don tsoron aikina. Na kashe maka suna, na raba ka da garinka. Ba ni da hujja. Ina roƙonka ka yafe mini."

Baba Sale ya dubi silifan robar nan. Sa'an nan ya ce waɗannan bayin Allah uku mutanen kirki ne, amma ba su san shi ba, ba su taɓa sayen namansa ba. A kasuwar Garwa aka kira shi mai mushe, 'ya'yansa a can ake nuna su da baki. Dokta ya ce in Allah ya mayar da shi, zai tsaya a layin mahauta da safe, lokacin da kasuwa ta cika, ya faɗi abin da ya faɗa yanzu ba ragi. Tsohon ya ce ya ji.

"Na yafe maka, Dokta. Duniya da lahira."

Dokta ya zauna a inda yake tsaye, ya rufe fuska da gefen mayafinsa. Tela ya ce alhamdu lillahi, mai gyaran keke ya ce amin. Ni ma na saki ajiyar zuciya, har na fara jin daɗin kaina, ina cewa a raina duk da takalmi da laka ga shi na kai aiki gaci. Ban gama wannan tunani ba Baba Sale ya juyo gare ni.

"Shi bai ga saniyar nan da rai ba, Ilu. Kai ka riƙe mata igiya. Kai ka danne wuyanta na yanka, jininta ya ɓata maka wando."

Haka aka yi. Saniya ce fara mai baƙin kunne, da ƙafarta ta shigo mayanka, har ta so ta ture ni. Ranar kananzir ina tsaye a bayan teburin, kalma ɗaya daga bakina ta isa ta sa Dokta ya dakata. Da farko tsoro ne ya hana ni, domin ni yaro ne, shi kuwa ma'aikacin gwamnati. Daga baya ba tsoro ba ne. Na ga tebur zai zama babu mai shi, kuma na so shi. Shekara goma sha tara ina gaya wa kaina cewa ba wanda ya tambaye ni. Dokta ya ɗago kai ya dube ni, bai san da wannan ba sai a lokacin. Da ƙyar na ce, "Baba, ni ma ka yafe mini."

Ya ce, "Shi ya bar mutanensa ya biyo ni da ƙishirwa. Kai rakiya ka zo. Je ka faɗa musu tukuna, sa'an nan ka dawo ka tambaye ni."

Aka kira magariba muka je muka yi, Baba Sale ya yi tasa a zaune. Da muka dawo Dokta yana tsaye a ƙofar zaure yana addu'arsa ta ƙarshe, yana duban sama, domin su ba da faɗuwar rana suke shan ruwa ba, sai taurari uku sun bayyana. Mai gyaran keke ne ya fara hango na ukun. Dokta ya ɗauki ƙahon ya yi busa ɗaya doguwa, muryar tana rawa don babu sauran yawu a bakinsa. Malam Bukar ya kawo ruwa a moɗa, Baba Sale ya karɓa daga hannunsa ya miƙa wa Dokta da kansa. Aka kwance ledar Hajara. Karfasa ce, mai ɓawo, saboda haka karon farko a tafiyar nan na ga Dokta ya ci abincin wani. Ni ne na kasa ci. Bayan an gama ya gwada takalmin Marwa, ya yi masa kaɗan.

Dawowarmu ba ta da labari. Dokta ya cika alkawarinsa, da yawanku kuna wurin. Ya tsaya a layinmu da safe ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Fulatanci. Kun ga ina tsaye kusa da shi, kun ɗauka rakiya ce. Na buɗe baki a ranar, sai wata mata ta ce in auna mata rabin kilo, na kuwa juya na auna mata, ina godiya a raina da ta zo. Tun daga nan kuke tambayata labarin azumin Yahudawa, ni kuma ina ba ku na ƙaho da na takalmi.

To yau ga sauran. Ni Iliyasu, wanda kuke kira Alhaji Ilu, na ga saniyar Baba Sale da rai, na riƙe ta aka yanka ta da sunan Allah. Maigidana bai taɓa sayar da mushe ba. Na sani, na yi shiru, na ci teburinsa. Wanda ya karanta wannan ya karanta shi da ƙarfi a layin mahauta, kada ya tsallake wannan wuri.

Ran Laraba zan koma Maga da wuƙarsa mai ƙotar ƙaho. Ina neman mutum uku daga cikinku, waɗanda suka san shi tun yana kan teburinsa, su zo su gaya masa da bakinsu cewa sun ji. Ban san amsar da zai ba ni ba, kuma ƙafar nan tasa ba ta ba ni damar jiran wata shekara. Wanda zai je ya same ni a tasha da sassafe. Motar farko za mu bi.